Amanar Majinyaci a Hannun Ma'aikatan Jinya

Muna godiya da damar da aka ba mu ta tsayawa a gabanku, ko da yake a cikin zauren nan akwai waɗanda suka girme mu, suka kuma fi mu sanin abin da za mu yi magana a kai. Batunmu a yau shi ne aikin jinya, da hanyoyin kyautata shi, har ya zamana maras lafiya ya kwanta asibiti ya tashi ba tare da an ƙara masa wata cuta a kan wadda ta kawo shi ba.

Watakila wani ya ji wannan magana banbaraƙwai, ya ce ashe asibiti ma yana cutar da mutum? Lalle kuwa yana yi, kuma babu ƙasar da ta kuɓuta. A shekarar 1999 Cibiyar Nazarin Aikin Likita ta Amurka ta fitar da wani rahoto wanda ya girgiza ƙasar, inda ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa kowace shekara a asibitocinsu saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a cikin kowane majinyata 10, kimanin ɗaya yakan gamu da wata illa a wajen neman magani, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin namu ke nan, rashin kiyayewa a asibiti yana da hannu cikin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a shekara. Girman matsalar ne ya sa babban taron hukumar, a shekarar 2019, ya ware ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara domin tunawa da kiyaye lafiyar majinyaci.

To, me ya sa muka ɗora maganarmu a kan ma'aikatan jinya? Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san amsar. Likita yakan zo zagaye da safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Amma nas ita ce ke nan da rana, ita ce ke nan da tsakar dare. Ita ke ba da magani, ita ke yin allura, ita ke ɗaura ƙarin ruwa, ita ke wanke rauni, ita ke auna zafin jiki da bugun zuciya. Duk abin da likita ya rubuta, da wanda mai haɗa magani ya haɗa, ta hannunta yake bi kafin ya isa jikin majinyaci. Saboda haka ita ce ƙofar ƙarshe da kuskure zai bi ya wuce, ko kuwa a tare shi a nan. Idan muka ce nas, muna nufin maza da mata baki ɗaya, har da ungozomomi.

Abin da muke so mu kafa a yau shi ne: ran majinyaci yana rataye ne a kan waɗansu ƙananan ayyuka da ake maimaitawa kullum a bakin gadonsa, su kuwa waɗannan ayyuka ba sa tabbata sai an yi musu tsari, an kuma tanadi abin da suke bukata. Za mu ɗauki huɗu daga cikinsu, watau tsabtar hannu, da ba da magani, da lura, da faɗin gaskiya a kan lokaci.

Mu fara da hannu. A shekarar 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa mata sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, fiye da ɗakin da ungozomomi ke aiki. Da ya bi diddigi sai ya gane cewa likitocin sukan fito daga wurin binciken gawa su zarce kan masu naƙuda. Ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu na shekarar mata wajen 18 cikin 100 ne suka mutu a ɗakin, amma zuwa watan Yuni adadin ya sauko zuwa kimanin 2 cikin 100. Bayan shekara bakwai, a 1854, Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Sukutari a lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. Makarantar da ta buɗe a Landan a 1860 ita ce tushen koyar da aikin jinya na zamani, kuma tsabta ce ginshiƙinta.

Ba sai mun tsaya a Turai ba, domin muna da namu darasin a gida. A shekarar 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, wanda ke cikin Jihar Borno a yau. Aka kai ta Jos, ta rasu a can. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka sa'an nan ta tsira. Daga sunan garin nan ne cutar ta sami sunanta na zazzaɓin Lassa. Haka kuma a 2014, sa'ad da cutar Ebola ta shigo Legas, cikin mutum 8 da ta kashe a Nijeriya akwai Dokta Stella Adadevoh da nas Justina Ejelonu. Wannan ya nuna mana cewa hanyar da cuta ke bi daga majinyaci zuwa ma'aikaci, ita ce dai take bi daga ma'aikaci zuwa majinyacin gado na gaba. Kiyaye ɗaya kiyaye ɗayan ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade lokuta biyar da ya wajaba ma'aikaci ya tsabtace hannunsa: kafin ya taɓa majinyaci, da kafin ya yi masa aiki mai bukatar tsabta kamar allura ko wankin rauni, da bayan ya taɓa jini ko wani ruwan jiki, da bayan ya taɓa majinyacin, da kuma bayan ya taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Da sabulu da ruwa abin ba ya wuce daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kuwa daƙiƙa 20 zuwa 30 ne. Ga shi da sauƙin faɗi. Amma a 2022 hukumar, tare da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun bayyana cewa rabin wuraren kiwon lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu a inda ake duba majinyata da kuma bakin makewayi. Jama'a, yaya za a yi nas ta wanke hannu sau biyar a kan kowane majinyaci alhali famfon ɗakin ya shekara bai ɗiga ba? Ruwa ba ya tsami banza. A cikin rahotonta na wannan shekarar hukumar ta ce a ƙasashe irin namu majinyata 15 cikin 100 sukan ɗauki wata sabuwar cuta a asibiti, a ƙasashe masu arziki kuwa 7 ne.

Na biyu shi ne ba da magani. Tun a aji ake koya wa ɗalibin jinya tambayoyi biyar kafin ya miƙa ƙwaya ko ya soka allura: shin wannan ne majinyacin, wannan ne maganin, wannan ne adadin, ta wannan hanya za a ba shi, kuma yanzu ne lokacinsa? Tambayar farko tana da nauyi na musamman a wurinmu. A ɗaki guda ana iya samun Musa Ibrahim biyu ko Hauwa Muhammad uku, kuma da yawa daga cikin mutanenmu, saboda kunya da ladabi, in aka kira sunan da ba nasu ba sai su amsa. Don haka ƙa'ida ita ce a tambayi majinyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, a kuma haɗa da lambar katinsa, kada a dogara da lambar gado, domin gado ana sauya shi. Ga kuma yara, waɗanda ake auna musu magani bisa nauyin jikinsu. Ɗigo ɗaya da aka ajiye ba a wurinsa ba cikin lissafi yana iya ninka maganin sau goma. Akwai kuma magunguna masu kama da juna a kwalba ko a suna, da masu haɗari irin su insulin da ruwan fotasiyam mai kauri, waɗanda ya kamata a ware musu wurin ajiya dabam, kuma mutum biyu su duba kafin a ba da su. Rubutun da ba ya karantuwa kuwa, haƙƙin nas ne ta koma ta tambayi wanda ya yi shi, kome girmansa, maimakon ta yi kirdado da ran mutum.

Na uku shi ne lura. Majinyaci ba safai yakan rikice farat ɗaya ba. Sau da yawa jiki yakan yi sa'o'i yana ba da alama: numfashi ya ƙara sauri, bugun zuciya ya hau, fitsari ya ragu, mutum ya fara sambatu. Wanda ya auna a kan lokaci, ya rubuta abin da ya gani, shi zai gane cewa abu na tafe. A nan muna da misali mai faranta rai wanda ƙasarmu ke da babban hannu a cikinsa. An ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan dalilai. Da ido ake ƙiyasta jinin da mace ta zubar, ido kuwa yakan rage. Sai aka gudanar da wani bincike mai suna E-MOTIVE a asibitoci kusan 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. Aka riƙa shimfiɗa wa mai jego wata leda mai aljihu da ma'auni, wadda ke tara jinin a ga adadinsa ƙuru-ƙuru. Da zarar ya kai haddi, ungozoma ba ta jiran kowa, sai ta haɗa matakan gaba ɗaya: murza mahaifa, da allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, da maganin tsayar da jini, da ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba in abin ya faskara. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayanta sun ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Babu sabon maganin da aka ƙirƙiro. An dai ba ungozoma abin awo, an horar da ita, an kuma ba ta ikon zartarwa.

Wannan ya kawo mu ga na huɗu, watau faɗin gaskiya a kan lokaci, wanda a ganinmu ya fi sauran wuya. An rene mu a kan girmama na gaba, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin tiyata, shirun ƙaramin ma'aikaci da ya ga kuskure ya kasa magana yana iya zama ajalin wani. A jihar Mishigan ta Amurka, wani shiri da Dokta Peter Pronovost ya jagoranta a ɗakunan kulawa ta musamman fiye da 100 ya tsara matakai biyar na tsabta da za a bi kafin a sa wa majinyaci bututu a babbar jijiya, aka kuma ba nas izinin dakatar da likita in ya tsallake ɗaya. Rahoton 2006 ya nuna cewa cutar jini da ke biyo bayan sa bututun ta ragu har da kashi 66 cikin 100. Haka nan a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da ma'aikatan tiyata za su tabbatar da su da baki, kamar sunan majinyaci, da gefen da za a yanka, da ƙidayar auduga da kayan aiki kafin a ɗinke. Da aka jarraba shi a asibitoci 8, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauko daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100.

Faɗin gaskiya bai tsaya kafin kuskure ba, ya haɗa da bayansa. Idan ya zamana duk nas ɗin da ta bayyana kuskurenta sai an tozarta ta, to, kowa zai koyi ɓoyewa, kuma ramin da ta faɗa zai zauna a buɗe yana jiran na baya. Lalle mai ganganci da wanda ya bar bakin aiki babu dalili sun cancanci horo, kuma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a siffarta ta yanzu a 1979, tana da ikon ladabtar da su. Amma yawancin kurakurai daga masu ƙoƙari suke fitowa, waɗanda gajiya ko ruɗanin tsari ya kayar. Tambayar da za ta amfani majinyacin gobe ita ce yaya aka yi abin ya faru. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu ma jama'ar gari muna da rabonmu a nan. In an yi mana rashi mukan ce kwana ne ya ƙare, mu yi haƙuri, kuma haƙuri abin yabo ne. Sai dai yarda da ƙaddara bai hana asibiti zama ya binciki abin da ya auku ba, domin amana ce aka ba shi, kuma akwai wani mai zuwa ya kwanta a kan wannan gadon.

Malam Shugaba, ba za mu yi adalci ba in muka tsallake kukan da jama'a ke yi da halin waɗansu ma'aikatan jinya: tsawa, da harara, da gatse ga mace tana tsakiyar naƙuda. Wannan ya shafi tarbiyya, ya kuma shafi kiyaye rai kai tsaye. Majinyacin da aka tsorata ba zai faɗi cewa ya sha jiƙo a gida ba, ba zai ce wannan ƙwayar ba irin ta jiya ba ce. Matar da aka wulaƙanta a haihuwar fari da wuya ta komo a ta biyu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 cikin 100 ne kawai aka yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16 ne. Dalilan suna da yawa, akwai nisa, akwai talauci, akwai al'ada, amma fuskar da ake tarar wa a bakin ƙofa tana cikinsu, kuma gyaranta ba ya cin ko kwabo.

Duk da haka, tilas mu dubi nauyin da aka ɗora wa waɗannan bayin Allah. A 2002 Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta sun bincika asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya ta Amurka, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yakan ƙaru da kashi 7 cikin 100. A 2014 suka sake samun irin wannan sakamako a ƙasashen Turai 9. Can ana maganar bambancin majinyata huɗu da takwas ne. To, ina ga inda nas ɗaya ke kwana da ɗaki guda cur, da tocila a hannu? A 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Kowane ɗaya da ya tafi, majinyatansa a kan na baya suke komawa. Tun a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman domin kiwon lafiya a matakin farko, ta kuma haramta ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Alkawari da doka suna nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne masu aiwatarwa.

A nan ne maganar ta iso kanmu. Waɗansunmu ɗaliban jinya ne da likitanci, amma mafi yawanmu lissafin kuɗi muke karantawa, ko mulki, ko shari'a, ko injiniya, waɗansu kuma sun riga sun kama aikin gwamnati. Kada wani ya zaci batun bai shafe shi ba. Fayil ɗin gyaran rijiyar burtsatsen asibiti a kan teburin ɗayanmu zai kwana. Takardar ɗaukar sababbin nas-nas, da kuɗin aikin dare, da sayen safar hannu da sirinji da man janareta, duk ta ofisoshinmu za su bi. Jami'in da ya danne irin wannan fayil wata uku ba zai ga jini a hannunsa ba, amma yana da kaso cikin abin da ya faru a ɗakin haihuwa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu shirin shiga aikin jinya da su riƙi ƙananan ayyukan nan da girma tun suna ɗalibai: su wanke hannu ko babu mai kallo, su rubuta abin da suka auna kawai, su miƙa aiki ga mai karɓarsu a bakin gadon majinyaci dalla-dalla, su kuma buɗe baki cikin ladabi in sun ga ba daidai ba. Muna kira ga shugabannin asibitoci da su buɗe littafin rubuta kurakurai, har da waɗanda aka tare kafin su yi illa, su riƙa zama a kansa kowane wata domin gyara. Muna kira ga ma'aikatan gwamnati da su ɗauki ruwa da wuta da yawan ma'aikata a matsayin magani, su sa su a gaba cikin kasafi. Mu kuma da ke zuwa zaman jinya, mu san sunan maganin da ake ba ɗan'uwanmu, mu faɗi duk abin da ya sha a gida, mu rage cunkoson 'yan dubiya, mu sanar da nas da zarar mun ga sauyi, mu kuma ba ta girman da aikinta ya cancanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu tuna cewa babu wanda ya san ranar da za a shigo da shi asibiti a kwance, ba ya iya ko faɗin sunansa. A ranar, digiri da muƙami ba za su tsare shi ba, sai hannun da aka wanke, da idon da bai gaji ba, da bakin da bai ji tsoro ba. Tun yanzu ya kamata mu tanade su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya kuma ba mu ikon riƙe amana.